Neman Dutsen Baba Haruna a Ƙasar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Madina zuwa Jidda

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa har inda ƙafa ba ta kai ba. Ranar Talata, saura kwana biyar azumi, na kulle ɗakina a unguwar Sih tun kafin kiran assalatu, na ɗauki jaka ɗaya da bargo, na nufi Harami. A lokacin ina shekara ta uku a jami'a a Madina, kuma sunana ya fito cikin ɗaliban da ake turawa ƙasashe su ja wa mutane tarawihi. Wani ya samu Landan, wani Barazil. Ni aka ce Norway, garin Hamafes, can ƙarshen arewa, wurin wasu 'yan'uwa ma'aikatan kamfanin kifi. Na ce to, na gode. Sai da na shiga laburare na san inda na amsa zuwa.

Na yi sallah, na yi wa Manzon Allah sallama, na fito. Ga Baba Haruna tsugune a bakin ƙofa, ya dogara da sanda, yana jirana.

Bari in gaya muku ko wane ne. Baba Haruna Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan, iyayensa mutanen Haɗeja ne da hanyar Hajji ta tsayar a can. Ya yi shekara ashirin yana dafa abinci a jiragen ruwan Turawa. Da ƙarfi ya ja baya sai ya zo unguwar Harra ta Gabas a nan Madina yana sayar da ful, wato dafaffen wake, da shayi. Muna da majalisa bayan la'asar a ƙofar shagon Alhaji Bukar tela, Bahaushen Chadi, kuma a nan Baba ke ba da wani labari da ba ya gajiya da shi. Wai injin jirginsu ya taɓa mutuwa a wani lungun teku kusa da Hamafes, suka yi kwana arba'in, rana ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Wai akwai wani ra'as, wato hancin dutse da ya kutsa cikin teku, inda yake hawa yana sallah, har mutanen wurin suka laƙaba wa dutsen sunansa.

Dariya ake yi, ni ma ina ciki. Batun rana na karanta shi a littafi, na kuma faɗa musu. Amma a ce Turawa sun sa wa dutse sunan mai dafa wake, wannan ko ni bai shige ni ba. Wasa ya tashi daga wasa ranar da za a ɗaura auren wani ɗan Nijar. Aka nemi shaidu, Baba ya matso, sai Alhaji Bukar ya ce a gaban jama'a, "La, ya Shehu, a samo wani. Mai dutse a ƙasar Turawa ya fi ƙarfin shaidar talakawa." Aka fashe da dariya. Baba ya ɗauki takalmansa. Wata bakwai ke nan bai sake taka majalisa ba.

"Malam Sani," ya ce, "an ce garinmu za ka."

"Haka aka ce, Baba."

Ya miƙo mini takarda. Ya zana bakin teku da biro, ya rubuta bayani a gefe da ajami: ƙauye mai ƙaramin coci fari, rabin yini daga Hamafes, da ruwa mai zubowa daga kan dutse, da ra'as kusa da shi.

"Ba tsaraba nake so ba. Ka je ka gani da idonka. In babu, ka dawo ka ce babu, ni da bakina zan tsaya a majalisa in ce ƙarya na yi."

"In kuma akwai fa?"

"In akwai, ka bar ni da Bukar."

Ƙarfe biyar da minti ashirin motarmu ta tashi, jims ce, irin babbar motar haya ta can, mu tara a ciki. Za ta sauke ni a Jidda ta wuce Makka da sauran. A Bi'ir Ali kowa ya sauka ya ɗaura harami, ban da ni. Direba, wani Bayamale mai fara'a, ya dube ni ya dubi bargona.

"Ya haj, kai ba umra? Ina za ka da bargo a wannan zafi?"

"Norway."

"Fen hada, ina ne can? Bayan Tabuka?"

"Bayanta kaɗan," na ce.

A shingen Badar aka duba iƙama da takardar jami'a. A Rabig muka karya da gurasar tamis da ful na riyal uku, wanda bai kama ƙafar na Baba ba. Muka shiga Jidda ana kiran azahar, bayan kilomita ɗari huɗu da wani abu. Na kwana wurin wani ɗan Katsina mai aiki a tashar jiragen ruwa.

Oslo da Turomso

Laraba da hantsi jirgi ya ɗaga. Muka canza a Kofanhagan, muka sauka Oslo ƙarfe tara na yamma, rana tana nan kamar la'asar sakaliya. Wani Bafakistane ya tarbe ni ya kai ni ɗakin da suke sallah. Na yi alwala na zauna jiran magariba. Na jira, na jira, na yi gyangyaɗi na farka, har sha ɗaya saura kafin a tayar. Ya ce mini, "Shehu, ai mu nan muna da dare. Inda za ka ko na magani babu."

Washegari jirgi na awa biyu ya kai ni Turomso. Tun daga sama nake ganin duwatsu da farar ƙanƙara a kansu, kamar an yi ɓarin gari. Ƙarfe shida da rabi na yamma na shiga babban jirgin ruwan da ke bin gaɓa yana kai wasiƙu da fasinja. An ba ni gado, ban kwanta ba. Na naɗe da bargo na zauna a sama, agogo a hannu, na ce yau sai na ga ƙarshen wannan rana.

Ta yi ƙasa a hankali, ba ta yamma ba, ta arewa. Ƙarfe sha biyu ta tsaya sama da ruwa kamar tsawon mashi, ja-ja-wur, kamar mai tunanin wani abu. Na ce yanzu za ta nutse. Ina! Sai ta fara hawa. Jama'a, ni da na karanta wannan a littafi, na ma yi wa wasu bayaninsa, ban san lokacin da na miƙe ina tasbihi ina dariya ba, bargo ya zame, hula ta kusa tafiya teku. Wasu Turawa suka ɗauka murna ce irin tasu, suka yi ta tafa mini. Na ce a raina, Baba Haruna, rabin labarinka ya tabbata, ka yafe mini rabi.

Hamafes

Muka isa ƙarfe biyar da kwata na safe, ko da yake safe a wurin sunan agogo ne kawai. Mai masaukina Sidi Ahmad, mutumin Tanja ta Maroko, shekararsa tara yana yankan kifi a garin, ya iya yarensu kamar ɗan gida. Jama'ata mutum goma sha huɗu ne. Garin babu bishiya ko ɗaya da za ka fake. Gidajen katako ne, ja da rawaya da shuɗi, kuma duk inda ka duba an kafa rumfuna an rataye kifi yana bushewa. Na matsa na shinshina, sai na gane shi: busasshen kifin nan ne mai taurin icce da ake sayarwa a Sabon Gari. Ashe daga nan yake tasowa.

Malaminmu ya riga ya ba ni umarni: inda rana ba ta faɗuwa, a ƙaddara lokaci, mu bi na Makka. Haka muka yi. Amma ranar farko da agogo ya ce a sha ruwa, ga rana tsaye a taga, sai hannuna ya ƙi kai dabino baki. Na tashi na saki labule. Haske ya ratso. Na rataya bargo a kai. Sidi Ahmad yana ta dariya har yana dukan cinya.

"Ya Fakih, wa kake ɓoye wa? Kai ne fa ka kawo fatawar!"

Na ci dabinon kamar ɓarawo. Muka yi tarawihi maƙwabcinmu Bature na kan tsani yana fentin gidansa.

Sai ranar goma ga azumi na samu sarari. Ni da Sidi Ahmad muka je ofishin tashar jiragen ruwa da takardar Baba. Ma'aikacin ya shimfiɗa taswira, ya gwada zanen, ya ɗora yatsa a kan wani tsini da ya miƙe arewa, ƙasa ta ƙare a kansa. Daga nan, in ji shi, babu komai sai ruwa har ka kai ƙanƙarar da ba ta narkewa. Na ce a tambaye shi sunan wurin. Ya faɗi sunan wani babban mutum na kudancin ƙasar, wanda aka girmama da shi lokacin da aka zo auna gaɓar.

"Ya taɓa zuwa wurin?" na tambaya.

Ya ɗaga kafaɗa. Da wuya, in ji shi. Yawancin irin waɗannan tsinuka haka ake musu: mai awo ya wuce a jirgi, ya tuna da sarki ko maigidansa ko matarsa, ya rubuta.

"Babu wani suna kamar Haruna?"

Babu. Amma na ce Baba idona ya aika, ba taswira ba.

Ƙauyen da ra'as yake

Asabar ƙarfe bakwai muka hau bas, ni da Sidi Ahmad. Awa biyu, sannan kwalekwale mai inji na minti arba'in. Sunan ƙauyen ya fi ƙarfin harshena, ko a ajami na kasa ɗaure shi. Amma ga coci fari, ga ruwa yana zubowa daga dutse, daidai yadda Baba ya zana. 

Muka kama hanya a ƙafa. Ba hanya ba ce, gansakuka ce mai laushi da duwatsu, ƙafa na nutsewa. Can muka haɗu da garken wasu dabbobi masu kama da gwanki, ƙahonsu rassa-rassa, da makiyayinsu, ɗan ƙabilar Sami. Su ne Fulanin wurin. Sidi Ahmad ya tambaye shi sunan tsinin. Ya faɗi wani daban da na taswira, ma'anarsa inda dabba ke gudun sauro, don da zafi garken kan hau can iska ta kore musu ƙwari. Na ce wannan suna ya fi na ofis hankali. Haruna fa? Bai taɓa ji ba.

Awa uku muka yi kafin ƙasa ta ƙare. Na rarrafa da ciki na leƙa: gangare ne miƙe kamar bango, tsuntsaye dubbai suna ihu, teku na dukan gindinsa. Iska ta cika mini riga har na ji kamar zan tashi. Muka zaga dama, muka zaga hagu. Babu rubutu, babu alama, babu komai. Na zauna a kan dutse, azumi ya kama ni, ƙafafu sun yi tsami. Duk hanyar dawowa ina harhaɗa yadda zan dubi tsohon nan in ce masa babu.

Kwalekwalen komawa sai gobe, don haka aka nuna mana gidan wani masunci mai ba da hayar ɗaki, sunansa Ola, tsoho ja mai hannuwa kamar faranti. Da ya ji an ce Nijeriya ya rungume ni har ƙasusuwana suka yi ƙara: ashe mu ne masu sayen kifinsa. Sidi Ahmad ya ba shi labarin wahalarmu, ya nuna masa takardar. Ola ya duba, ya juya ta, ƙasa ta koma sama.

"Ya ce wanda ya zana wannan daga cikin ruwa yake kallo," in ji Sidi Ahmad. Ola ya ƙara wata magana ya ƙyalƙyale da dariya. "Ya ce wa ya aike ku wurin Kuku ta tudu?"

"Wurin wa?"

"Kuku. Mai dafa abinci. Ya ce haka masunta ke kiran tsinin."

Na miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

Cikin teku

Lahadi ƙarfe shida muka fita a jirgin Ola. Ni ɗan tudu ne, iyakar sanina da ruwa kogin garinmu, shi ma da rani. Muna fita daga lungu teku ta ɗaga mu ta sauke, sahur ɗina ya ce sai wata rana. Ina riƙe da bakin jirgi, Sidi Ahmad yana tsokanata.

"Ya Fakih, mene ne hukuncin azuminka?"

"Wanda amai ya rinjaya babu ramuwa a kansa. Riƙe mini hula!"

Ola yana tuƙi yana bayani. Su masunta ba ruwansu da sunan taswira. Teku ba ta da turba, don haka da alamun tudu suke gane inda kifi yake: ka jera abu biyu na kan ƙasa su hau layi ɗaya a idonka, to ka iso, saki ƙugiya. Kowace alama da sunanta, uba ke gaya wa ɗa, ba a rubutawa. Muka zagayo tsinin, ya nuna da haɓa. Can tsakiyar bangon dutsen, a kan wani ɗan dandali da ba ya ganuwa daga sama, ga tarin duwatsu fari fat. In ka jera shi da ruwan da ke zubowa, in ji Ola, kana kan kifin da ya fi na ko'ina a wannan gaɓa.

Ya ce yana saurayi wani jirgin kaya ya lalace a lungunsu. Akwai kuku baƙi dogo a ciki, wanda ya taɓa ba su miya mai barkonon da ya sa wansa kuka. Kullum sai ya tuƙo ƙaramin kwalekwale ya hau can, ya yi kira da ƙarfi, ya yi ta sunkuyawa yana tashi. Shi ya tara duwatsun. Da jirgin ya tafi suka ga tarin ya yi musu amfani, suka ƙara masa tsawo, kuma duk shekara sai wani ya hau ya shafa masa farin fenti. Daga tarin sunan ya bi tsinin gaba ɗaya.

Na ce a sauke ni. Muka hau da hannu da gwiwa, minti ashirin. Ina isa na gane abin da nake gani, don na gan shi a bakin kowace hanya daga Zariya har Adare ta Chadi: masallacin matafiyi ne. Duwatsu jere a ƙasa, faɗin mutum biyu, da ƙofar shiga ta baya, da ɗan lanƙwasa a gaba inda tarin yake. Gansakuka ta rufe rabinsu, amma ko ɗaya bai gusa ba.

Na fito da kamfas don in yi nafila. Alƙiblar wurin kudu ce, ta ɗan karkata. Na dubi allura, na dubi masallaci. Na girgiza kamfas na sake dubawa. Masallacin Baba gabas ya kalla, gabas sak, wajen ƙasar Rasha.

Dariya ta ƙwace mini har na zauna. Sidi Ahmad ya ɗauka jirin teku ne. Na ce masa, "Ya Sidi, duk duniya babu mai zuwa nan ya kalli gabas da sallah sai Bahaushe. Mu tun muna yara abin da aka ce mana ke nan, ka fuskanci gabas." Na kai hannu zan gyara jerin, Ola ya daka mini tsawa. Ko tsakuwa, in ji shi, kada in taɓa, abincin ƙauye guda ne. Na karkace a ciki na yi raka'a biyu. Da muka sauko na kunna rikodata, Ola ya yi wa Kuku gaisuwa, ya kuma kwaikwayi kiran da yake ji daga kan dutsen.

Komawa

Kwana uku bayan sallah na baro Hamafes, jama'a suka cika mini jaka da busasshen kifi, wanda ya sa ma'aikacin kwastan na Jidda toshe hanci ya ce in wuce da sauri. A Jidda na ga dare na farko bayan wata guda, na tsaya ina kallonsa kamar baƙo. Jims ta sauke ni Madina ranar Litinin da azahar. Ban ko buɗe jaka ba na nufi Harra.

Baba bai tambaye ni komai ba. Ya dubi fuskata, ya ce, "Miƙo mini sandata."

Majalisa ta cika. Na ba da labari tun daga Bi'ir Ali, ban rage ba. Na kunna kaset, muryar Ola ta fito tana "Kuku! Kuku!", sannan kiran sallar da babu kalma ɗaya daidai a cikinsa, amma karin na Bur Sudan ne tsaf. Baba ya sunkuyar da kai. Alhaji Bukar ya ajiye almakashi.

"Ɗayyib," ya ce. "Amma Kuku aka ce, ba Haruna ba. Kuku nawa ne a teku?"

Na yi niyyar rufa wa Baba asirin alƙibla, amma babu yadda zan yi. Na faɗa. Wuri ya ɓarke da shewa. Alhaji Bukar ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Gabas? Wallahi shi ne! Babu mai wannan aiki sai namu. Kwana arba'in kana yi wa Rasha sallah, ya Shehu!"

"Na tambayi mai tuƙin jirgi ina gabas, ya nuna mini," in ji Baba, yana share ido da hannun riga. Ya juyo wurina, murya ta yi ƙasa. "Malam, sai na rama?"

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Baba, lokacinsu kuma ya wuce. Babu ramuwa."

Alhaji Bukar ya taso daga kan keken ɗinki, ya tsuguna a gabansa, ya zuba shayi ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba Haruna, na ci mutuncinka a gaban mutane, ga mutanen nan, ka yafe mini. Alhamis za a ɗaura auren ɗana. Ina so sunanka ya fara shiga cikin shaidu."

Baba ya karɓi kofin, ya kurɓa, ya daɗe yana juya shi a baki.

"Na yafe. Zan zo. Amma shayin nan naka, Bukar, ko Turawa ba za su sa wa tsakuwa sunanka ba."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ƙarshen ƙasa ya dawo da ni garin Manzonsa lafiya. Allah ya saka wa Sidi Ahmad da jama'ar Hamafes da alheri, ya shiryi Ola, ya ƙara wa Baba Haruna lafiya. Amin.